Haƙori 40 da Haƙori 7: Tarihin Adaftar da ta Riƙe Tsofaffin Kwamfutoci a Kudancin Kano

A ƙarshen shekarar 2013 kamfanin Western Digital na Amurka ya daina ƙera rumbun ajiyar kwamfuta mai haƙori 40, wanda masu gyara ke kira IDE. Babban abokin gasarsa, Seagate, ya riga shi yin haka da shekaru. A ƙasashen da ake ƙera kwamfuta labarin bai tayar da ƙura ba, domin a can an daɗe da yin sallama da wannan nau'i. Amma a garuruwan da ke kan hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ta nufi Doguwa, da waɗanda ke kewayen Bebeji da Kiru, irin kwamfutar da mai shagon buga takardu ko mai ɗaukar hoto yake iya saye a lokacin ita ce ta gwanjo, kuma da yawa daga cikinsu ba su san wani rumbu ba sai mai haƙori 40. Allon kwamfutar na da rai, rumbun da ya dace da shi kuwa an daina haifarsa. A wannan giɓi ne wani ɗan allo kore, wanda bai wuce faɗin kwalin ashana biyu ba, ya sami aikin yi.

Don a gane abin da adaftar ke yi, da kuma abin da ba za ta taɓa iya yi ba, sai an koma ga yadda aka yi haƙoran suka zama 40.

Rumbun farko da aka sayar shi ne IBM 350, wanda ya fito a 1956 tare da na'urar RAMAC. Faifai 50 ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, kuma duk abin da suke ɗauka haruffa miliyan 5 ne. Hoto guda na wayar zamani zai kusa cika shi. A 1980 kamfanin da daga baya ya zama Seagate ya fito da ST-506, mai megabayit 5, wanda ya iya shiga akwatin ƙaramar kwamfuta. Sai dai wannan rumbu ba shi da wayon kansa. Faifai ne da allura da mota kawai. Duk tunanin yana kan wani kati dabam da ake sokawa a uwar allon kwamfuta, wato abin da masu gyara ke kira madabod, a haɗa su da faffaɗan wayoyi biyu. Idan kati da rumbu ba su jitu ba, shi ke nan.

A 1986 Compaq da Western Digital da Control Data suka haɗu kan wata dabara: a ɗauke wayon daga kan kati a liƙa shi a cikin rumbun kansa. Ma'anar IDE ke nan. Tun da rumbu ya zama mai kula da kansa, abin da ya rage shi ne a miƙa masa hanyar da kwamfuta ke magana da katunanta. Hanyar da ake da ita a lokacin ita ce ta IBM PC/AT na 1984, mai layi 16. Shi ya sa sunan da hukumar daidaita ma'auni ta Amurka ta ba tsarin a 1994 ya zama ATA, wato abin da aka jingina ga AT. Layuka 16 na ɗaukar bayanai, sauran na umarni da adireshi da ƙasa, jimla 40. A gaskiya 39 ne, domin an cire haƙori na 20 da gangan, aka toshe raminsa a jikin waya, don kada a soka ta a juye. Duk wanda ya taɓa leƙa bayan tsohon rumbu ya ga wannan wushirya.

Waya guda tana ɗaukar rumbu biyu, ko rumbu da na'urar faifan CD. Don kada su yi magana a lokaci ɗaya, sai a naɗa ɗaya babba, ɗaya ƙarami, ta hanyar wata 'yar roba da ake ɗora wa a kan haƙora biyu. Turawa sun kira su ubangida da bawa, kalmomin da masana'antar ta fara jin kunyarsu daga baya. Ita 'yar robar, idan aka Hausantar da sunanta, jamfa take zama, ko da yake ba ta kai ƙwayar wake ba. Rashin sa ta daidai ya hana kwamfutoci da yawa tashi, har aka yanke musu hukuncin mutuwa alhali lafiyarsu ƙalau.

Litattafan lissafi biyu

Tun kafin a yi maganar adafta, tsohon allo da sabon rumbu sun saba samun saɓani, kuma saɓanin ba na haƙori ba ne, na lissafi ne.

A kan kowane allo akwai wata 'yar manhaja da ake kira BIOS, wadda ita ke farkawa da farko ta nemo rumbu ta tayar da Windows. Ita da rumbun kowanne yana da yadda yake rubuta adireshin gurbin ajiya, kuma kowane gurbi bayit 512 ne. Adireshin kashi uku ne: silinda, allura, gurbi. BIOS ta tanadi wurin silinda 1,024, da allura 256, da gurbi 63. Tsarin rumbun ya tanadi silinda 65,536, da allura 16, da gurbi 255. Kowane littafi shi kaɗai yana da faɗi: na BIOS zai kai gigabayit 8 da ɗoriya, na rumbu ya haura 130. Amma da yake adireshi sai ya bi ta cikin duka biyun, a kowane kashi ƙaramin adadi ne ke yin hukunci. Silinda 1,024 sau allura 16 sau gurbi 63 sau bayit 512 ya ba da bayit 528,482,304. Wannan ce katanga ta farko, megabayit 528, kuma rumbuna sun iso gare ta wajen 1994. Babu wanda ya shirya ta. Kamfanoni biyu ne kowanne ya yi tanadin da yake ganin ya wadatar, ba tare da ya dubi littafin ɗan'uwansa ba.

Aka yi dabarar fassara adireshi aka tsallake, sai aka ci karo da katangar gigabayit 8.4 a ƙarshen shekarun 1990. Aka tsallake ta, sai ga wata a wajen gigabayit 32, wadda kuskure ne a wasu BIOS na kamfanin Award. Har masu ƙera rumbu suka ƙara wata jamfa da ke sa babban rumbu ya yi wa allo ƙaryar cewa shi ƙarami ne.

Wadda ta fi shafar wannan labari ita ce ta huɗu. Da aka watsar da silinda da allura aka koma lissafa gurabe ɗaya bayan ɗaya, an ware wa lambar gurbi bit 28. Mafi yawan abin da bit 28 ke ƙirgawa shi ne 268,435,456. A ninka da 512, a sami gigabayit 137. A farkon shekarun 2000 aka faɗaɗa lissafin zuwa bit 48, amma allunan da aka riga aka ƙera suna nan da tsohon lissafinsu, kuma Windows XP ta asali, wadda ta fito a Oktoban 2001, ba ta iya sabon ba sai da aka yi mata gyaran farko a 2002.

Abin da ke faruwa a bakin wannan katanga ya fi rashin ganin rumbu muni. Mitar tsohuwar mota idan ta cika 99,999, sifili take komawa. Haka wasu kwamfutocin ke yi. Suna nuna rumbun da girmansa, suna karɓar ajiya wata da watanni ba gardama, sai ranar da ajiya ta haura gigabayit 137, lambar ta zagayo farko, sabon fayil ya hau kan gurbin da ke riƙe da taswirar rumbun gaba ɗaya. Da safe kwamfuta ta ce ba ta san rumbun ba, ko ta nemi a goge shi. Mai shago zai zargi wuta, ko ƙwayar cuta, ko yaron shago. Laifin na wata shawara ce da aka yanke a wani ɗakin taro a Amurka tun kafin a haifi yaron.

Daga gayya zuwa mutum ɗaya

A hankalce layi 16 ya kamata ya fi layi ɗaya sauri. Abin da ya hana shi ne abin da kowane manomi ya sani game da gayya: idan an ce sai an isa ƙarshen kunya tare, to mai saurin cikin jerin dole ya jira mai nawa. Bit 16 ɗin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa dole su isa a lokaci guda, kuma da aka ƙara sauri sai wutar kowane layi ta fara kutsawa cikin na maƙwabcinsa. Maganin da aka samo a ƙarshen shekarun 1990 shi ne waya mai zare 80, wadda haƙoranta na nan 40, amma an saka zaren ƙasa tsakanin kowane layi biyu ya zama shinge. Da ita aka kai megabayit 66 a daƙiƙa, sannan 100, sannan 133. Tsawon wayar kuma bai halatta ya wuce inci 18 ba. Daga nan hanya ta ƙare.

SATA, wanda aka kammala tsarinsa na farko ya shiga kasuwa a 2003, ya bar gayya ya ɗauki ɗan tsere guda. Haƙori 7 ne kacal: biyu na aikawa, biyu na karɓa, uku na ƙasa. Bayanai na tafiya ɗaya bayan ɗaya, da ƙaramar wuta, amma da gudun da ya ba da megabayit 150 a daƙiƙa tun a zubin farko, ya ninka a 2004, ya sake ninkawa a 2009. Kowane rumbu da wayarsa, saboda haka babu babba babu ƙarami, babu jamfa. Har mashigar wuta aka canza, daga mai ƙafa 4 zuwa mai haƙori 15.

Wani abu guda ba a canza ba, kuma shi ne ya ba adafta damar wanzuwa: harshen umarni. Kalmomin da kwamfuta ke faɗa wa rumbu, karanta gurbi kaza, rubuta a gurbi kaza, suna nan yadda suke. Hanyar isar da su ce ta sauya. Saboda haka ƙwayar lantarki guda ta isa ta tsaya a tsakani, ta karɓi saƙo daga layi 16 ta jera shi a layi ɗaya, ta kuma mayar da amsa. Manyan kamfanonin ma da ita suka fara. Rumbun Raptor na Western Digital da ya fito a 2003, wanda aka yi ta tallarsa a matsayin gwarzon SATA, a cikinsa tsohon tsari ne, an liƙa masa ƙwayar fassara ta kamfanin Marvell. Wato adafta ba dabarar talaka ba ce tun asali. Masana'antar ce ta ƙirƙire ta don ta haye kogin, da ta haye sai ta bar kwalekwalen a gaɓa.

Intel ta sa SATA a allunanta a 2003, ta kuma cire IDE daga ƙwayarta ta ICH8 a 2006. Shekara uku kawai tsakani.

Agogon masana'anta da agogon gwanjo

A daidai waɗannan shekaru ne ofisoshi da makarantu da bankunan Turai da Amurka suke sauke kwamfutocin Pentium III da Pentium 4 da suka saya a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000. A Oktoban 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta fitar da rahoto kan Legas, inda ta ƙiyasta cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke shigowa tashar jiragen ruwa kowane wata, kuma 'yan kasuwar da ta zanta da su sun ce har kashi 75 cikin ɗari na iya zama shara. Ƙasar da ta ga gubar da aka jibge a Koko a 1988 ba ta rasa dalilin damuwa ba. An kafa hukumar NESREA a 2007, aka yi dokokin kayan lantarki a 2011. Sai dai rahotannin sun fi mayar da hankali ga sharar. Ragowar da ke aiki ita ce ta koya wa ƙarni guda na 'yan Najeriya taɓa kwamfuta.

Hanyar kayan sananniya ce: daga Apapa zuwa kasuwar kwamfuta ta Ikeja da Alaba, daga can a tirela zuwa Kano, inda titin Beirut da kasuwar Farm Centre suka zama matattara. Mai kuɗi a birni ya zaɓi mai kyau. Abin da ya rage, mai sauƙin kuɗi kuma mafi tsufa, shi ke gangarawa ƙananan hukumomi. Don haka tazarar da ke tsakanin ranar da aka ƙera kwamfuta da ranar da aka kunna ta a Kiru ko Tudun Wada tana iya kai shekara bakwai ko goma. Dell OptiPlex GX260 da Compaq Evo D510, waɗanda aka ƙera wajen 2002, ba su da mashigar SATA ko ɗaya. GX270 da ya biyo baya yana da duka biyun, amma shi kuma yana cikin waɗanda annobar kumburin kafasita ta kama. Takardun kotu a Amurka sun nuna cewa Dell ya sayar da kwamfutoci aƙalla miliyan 11.8 tsakanin Mayun 2003 da Yulin 2005 da ke cikin haɗarin wannan lalura. Abin ban dariya, sau da yawa tsohon allon ya fi ƙanensa ƙarko.

Buƙata kuwa tana ta ƙaruwa. Hukumomin jarrabawa sun mayar da rajista da duba sakamako kan intanet a shekarun 2000. An sa darasin kwamfuta a manhajar ilimin bai-ɗaya. JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole ga kowa a 2015, kuma daga ranar ɗalibin Doguwa da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya shiga gasa da ɗan birni da ƙafa ɗaya. Tsohuwar Pentium 4 ba ta iya komai na zamani, amma ta isa ta koya wa yaro inda haruffa suke da yadda ake danna amsa. Makarantar da ke da irinsu goma, shida na aiki, ba ƙaramar dukiya take riƙe da ita ba.

A cikin kwamfuta kuwa rumbu ne ke fara mutuwa, domin shi ne mai motsi. Faifansa na juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, allurarsa na shawagi a kan iskar da ba ta kai kaurin gashi ba. Ya zo da gajiyar shekarun da ya yi a wani ofis a ƙasar waje, idan ma ya zo, domin kamfanoni da yawa suna cire rumbu su farfasa kafin su sayar da kwamfuta saboda sirrinsu. A nan kuma ya tarar da zafin bazara, da ƙurar hunturu, da wutar da ke ɗaukewa ba sallama, da janareton da ke hawa da sauka. Madatsar ruwa ta Tiga na cikin ƙasar Bebeji tun 1974, amma kusanci da ruwa bai taɓa zama kusanci da tsayayyiyar wuta ba.

Idan rumbu ya mutu, zaɓi uku ne. A sayi wani tsohon IDE, wanda shi ma kwanansa ya kusa, mai gigabayit 40 ko 80. A sayi wata kwamfutar. Ko a sayi rumbun SATA da adafta. Ambaliyar Tailan ta 2011, wadda ta nutsar da masana'antun Western Digital ta kuma ninka farashin rumbu a duniya, ta jinkirta zaɓi na uku na ɗan lokaci, amma bayan 2013 shi ya fi ma'ana.

Akwai sana'a guda da ta fi kowa matsuwa: masu tura fina-finai da waƙoƙi da karatu a waya. Lokacin da kasuwar faifan fina-finan Hausa ta durƙushe, kallo ya koma kan waya, kuɗin data kuma ya fi ƙarfin mutanen karkara, sai mai kwamfuta a bakin tasha ko a rumfar kasuwa ya zama shi ne sinima kuma shi ne ɗakin karatu. Jarinsa ba saurin kwamfuta ba ne, yawan abin da ke cikin rumbunsa ne. A ƙaddara kowane fim megabayit 300 ne: rumbu mai gigabayit 40 ba zai ɗauki fiye da 130 ba, mai 500 kuwa zai haura 1,600. Wannan mutum shi ne ya fi kowa buƙatar babban rumbu a kan tsohon allo, kuma shi ne ya fi kowa saurin isa gigabayit na 137.

Abin da adafta ke iyawa

Adafta tafinta ce, ba malama ba. Tana isar da magana, ba ta ƙara wa allo ilimin da ba shi da shi. Idan BIOS ba ta san lissafin bit 48 ba, rumbun terabayit guda da aka soka ta adafta zai gamu da katangar da aka ambata. Mai gyaran da ya san aikinsa yakan fara duba wannan, ya sabunta BIOS idan akwai sabuwa, ya tabbatar Windows ta sami gyaranta, ko kuma ya yanka wa manhaja ƙaramin yanki a farkon rumbu wanda bai kai iyakar ba.

Irin da aka fi gani shi ne ɗan allon da ake sokawa a bayan rumbu ko a kan mashigar IDE, mai ƙwayar JMicron ko Sunplus, ko ta Marvell wadda ta fi tsada ta kuma fi jituwa da alluna. Mafi yawansu daga kasuwannin Shenzhen suke fitowa, ba suna ba takarda. Wasu hanya ɗaya suke aiki, sabon rumbu zuwa tsohon allo ko akasin haka, kuma kamanninsu ɗaya, sai an karanta ɗan rubutun jikinsu. Suna buƙatar tasu wutar. Da yawa ba sa son raba waya da na'urar CD. Idan aka haɗa su da tsohuwar waya mai zare 40, gudun ba zai wuce megabayit 33 ba. Idan kuma adaftar na yawan kuskure, Windows XP na da wata ɗabi'a: bayan kurakurai shida sai ta sauke gudun da kanta, mataki-mataki, har ta koma tsohuwar hanyar da ke sa ƙwaƙwalwar kwamfuta ɗaukar kowane bayit da hannunta. Kwamfuta ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse, ba tare da wani saƙo ya bayyana ba.

Hanyar da ta fi inganci, ko da yake ba ita aka fi bi ba, ita ce katin da ake sokawa a ramin PCI, mai ƙwayar Silicon Image ko VIA. Nagari a cikinsu yana zuwa da tasa BIOS, saboda haka yana tsallake lissafin allo gaba ɗaya. Aibinsa shi ne Windows XP ba ta san shi ba, kuma hanyar da ta tanada ta gabatar da shi ita ce a danna F6 a farkon sanyawa a ba ta direba daga faifan filofi. A 2012 samun filofi mai rai a ƙauye ya fi samun katin wuya. Masu gyara suka koma amfani da faifan XP da aka riga aka cusa wa direbobi, wanda ake kwafa hannu zuwa hannu, tare da duk abin da wani ya ga damar cusawa a ciki.

Mafi haɗari a cikin kayan duka shi ne mafi arha: 'yar wayar da ke mayar da mashigar wuta mai ƙafa 4 zuwa mai haƙori 15. Wadda aka narka roba aka zuba a kan wayoyinta takan bar su su matso juna a ciki, wuta ta haɗu, roba ta kama. Ta yi ƙaurin suna a duniya saboda haka. Wadda aka datse wayoyinta ɗaya-ɗaya a cikin gida mai buɗewa ta fi aminci, kuma bambancin kuɗinsu bai kai na kwanon abinci ba. A shagon da ke cike da takardu, ga jarkar fetur ta janareto a gefe, nan ne wurin da rowa ba ta da riba.

Akwai wani zare da ya ɗaure wannan ɗan allo da ƙasar Doguwa, ko da yake ba ta hanyar ciniki ba. Kowane haƙori da kowace ƙwaya a jikinsa da dalma aka like su, kuma tun da Tarayyar Turai ta hana gubar dalma a kayan lantarki a 2006, abin likin ya zama kusan kuza zalla. Riruwai kuwa garin kuza ne tun kafin zuwan Turawa. Maƙeransa suna narka ta su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su kai ta kasuwanni masu nisa, kuma bin sawun waɗannan tsinkaye ne ya kai Turawan kamfanin Neja ga kuzar ƙasar Bauchi da Jos a farkon ƙarni na 20. Faɗuwar farashin kuza a duniya a 1985 ta gama da abin da ya rage na manyan ma'adinan Najeriya. Kuzar da ke jikin adaftar yau ta fi yiwuwa daga Sin ko Indunusiya ta fito.

Katangu ba su ƙare ba. Tsohuwar taswirar rumbu mai bit 32 tana tsayawa a terabayit 2.2, kuma XP ta gama-gari ba ta karanta sabuwar. Rumbunan da aka fara ƙerawa wajen 2010 da gurabe masu bayit 4,096 suna tafiyar hawainiya a ƙarƙashin XP, saboda ita tana fara yankinta a gurbi na 63, lambar da ba ta rabuwa da 8. Wasu allunan VIA na farkon zamanin SATA ba sa ganin rumbun SATA na biyu sai an sa masa jamfa ya rage gudu, wato 'yar robar da aka ce an binne ta dawo. Microsoft ta janye tallafin XP a ranar 8 ga Afrilu 2014, amma hakan bai kashe ko kwamfuta ɗaya a shagon buga takardu ba. Abin da ya ture Pentium 4 daga teburi shi ne isowar sabon zubin gwanjo, Core 2 Duo sannan Core i3 da i5, da kwamfutocin cinya masu batir, waɗanda suka fi dacewa da garin da wuta ba ta zama.

Su ma yanzu suna kan layin da magabatansu suka bi. Rumbu marar motsi, SSD, yana shiga mashigarsu ta SATA kai tsaye ya mayar da su kamar sababbi, amma nau'in NVMe mai kama da tsinken cingam sai da kati, kuma allunan da suka girmi 2014 galibi ba sa iya tashi daga kansa ko da sun gan shi. Tallafin Windows 10 ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman ƙwayar tsaro ta TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na 8 zuwa sama. Wannan sharaɗi ba na haƙori ba ne, ba kuma na lissafi ba. Jerin sunaye ne da kamfani ya rubuta.

Ita kuwa adaftar IDE aikinta ya juya. Yau ba a cika neman ta don a sa sabon rumbu a tsohon allo ba, sai don a karanta tsohon rumbu a sabuwar kwamfuta, ta wayar USB mai kai uku da akwatin wutarta. A cikin akwatunan da aka jingine a ɗakunan ajiyar makarantu da ofisoshi da shagunan hoto akwai rumbuna masu haƙori 40 da ke riƙe da sakamakon ɗalibai, da jerin albashi, da takardun filaye, da hotunan bukukuwan shekarun 2000, waɗanda da yawansu ba a taɓa kwafa su a wani wuri ba. Rumbun da ya daɗe a ajiye man motarsa kan daskare, allurarsa kan manne da faifai, kuma masu sayen tsofaffin ƙarfe suna biyan kuɗi a kan allunan kore da ke bayansa. Wanda ya tashi a kunnawar farko, ƙa'idar masu gyara ita ce a kwashe abin da ke ciki a wannan zaman, kafin a kashe shi.